Yadda Za Ka Koya Wa Dattijo Turanci Idan Karatun Ya Ƙi Shiga

Akwai maganar da na sha ji daga bakin manya idan karatu ya yi musu tsauri: "Malam, ƙyale ni kawai, kan ya riga ya bushe." Na ji ta daga wani Alhaji mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, na kuma ji ta daga wata Hajiya da jikokinta na Abuja ba sa mayar mata da magana sai da Turanci. Duk sanda na bi diddigi, sai in tarar kan lafiyarsa ƙalau. Ko dai ido ne ba ya ganin rubutun sosai, ko kunya ce ta ɗaure harshe, ko kuwa mai koyarwa ne ya ɗauko littafin 'yan aji ɗaya ya ajiye a gaban mutumin da ya aurar da 'ya'ya. Wannan jagora ta wanda ya ɗauki nauyin koya wa babba ce, ko mahaifinka ne, ko maƙwabci, ko ɗalibi a ajin manya. Zan riƙa cewa "ka" da "shi" don sauƙin magana, amma har da ke nake, har da Hajiya.

Zaman farko: bar littafi a jaka

Ranar farko hira za ku yi. Ku gaisa sosai, ka tambayi iyali da kasuwa, sannan ka ce, "Baba, a ina ne Turanci ya fi ba ku wahala?" Kada ka yarda da amsar "ko'ina". Ka ci gaba da tambaya a hankali har ya kawo maka wani abu da ya faru. Wani zai ce saƙon banki ne ke shigowa wayarsa sai ya nemi yaro ya karanta masa, yaron kuwa ya san duk abin da ke asusunsa. Wani zai ce fom aka miƙo masa a banki ya tsaya riƙe da biro. Wata za ta ce likita ya rubuta yadda za a sha magani ba ta gane ba. Wani kuma filin jirgi ne ke tayar masa da hankali idan zai tafi sarin kaya. Ka rubuta buƙatu uku, ka bar shi ya zaɓi wadda ta fi ci masa tuwo a ƙwarya. Ita ce manhajarku ta watan farko.

A wannan zaman ne kuma za ka gano ta wace ƙofa zai shiga, ba tare da ya ji ana yi masa jarrabawa ba. Miƙa masa jaridar Hausa, kamar Aminiya, ka ce ya duba maka wani kanun labari. Idan yana karanta Hausar boko, rabin aikin ya ƙare. Idan ajami ya iya, to ya san harafi na ɗauke da sauti, ya san haɗa baƙi da wasali; abin da ya rage masa shi ne sababbin haruffa da juya hannu daga hagu zuwa dama. Irin wannan ɗalibi ka bar shi ya riƙa rubuta yadda ake furta kalmar Turanci da ajami a gefen takardarsa, zai taimake shi ƙwarai. Idan kuwa bai iya ko ɗaya ba, shawarata ka soma koya masa karanta Hausa da boko na 'yan makonni, Turancin kuma ku riƙa yin sa da baki kawai. Rubutun Hausa yana tafiya kusan daidai da furuci, kuma kalmomin nasa ne, don haka abu ɗaya kaɗai yake koyo. Haɗa masa sabon rubutu da sabon harshe a lokaci guda shi ne ke karya da yawa daga cikinsu. Da Hausa aka yi gangamin Yaƙi da Jahilci a Arewa a shekarun 1950, kuma ina ganin dabarar ba ta tsufa ba.

Duba ido da kunne kafin ka zargi ƙwaƙwalwa

Wannan mataki mutane suna tsallake shi, alhali shi kaɗai yana iya warware matsalar wata uku. Daga wajen shekara 40 ido yakan fara kasa ganin abin da ke kusa. Idan ka ga Baba yana nisanta takarda da fuskarsa, ko yana murtuke ido, ko ya ce kansa na ciwo bayan minti 10, to a kai shi a gwada masa ido a yi masa tabarau na karatu. Kafin nan ka rubuta komai da manyan haruffa, da baƙin biro mai kauri (maka) a kan farar takarda, kuma ku zauna inda haske yake. Karatun dare da fitilar waya ba na mai shekara 60 ba ne.

Kunne ma haka. Idan ji ya fara raguwa saboda shekaru, siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin su s da f da th, waɗanda Turanci ke yawan jingina ma'ana a kansu. Mutum zai ji "book" da "books" duk ɗaya, kai kuma ka ɗauka bai fahimci jam'i ba. Ka zauna ta inda zai ga bakinka, ka kashe rediyo, ka rage saurin magana. Ɗaga murya ba ya ƙara komai sai jin kunya.

Nuna masa Turancin da ke bakinsa tuntuni

Darasin da na fi so ke nan, domin a ranar ne fuska ke sakin jiki. Ka ce masa, "Baba, bari mu ƙirga Turancin da kuka riga kuka iya." Sai ka fara jero masa: tebur, bokiti, tikiti, direba, makaniki, burodi, burki, gilashi, banki, kati, lamba, minti, siminti, kwamiti, asibiti, likita. Kowace ka faɗa masa yadda Bature ke furta ta. Kafin a tashi za ku tara fiye da 30, shi da kansa zai riƙa kawo wasu daga kasuwa ko gareji. Wanda ya shigo yana cewa bai san ko ɗaya ba zai fita da shafi cike.

Jerin nan yana da wani amfani na biyu. Yana nuna masa, da kalmomin da ya sani, yadda harshen Bahaushe ke sarrafa Turanci. Hausa ba ta son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma, sai ta cusa wasali a tsakani: "bread" ya koma burodi, "brake" ya koma burki, "glass" ya koma gilashi. Sannan p takan koma f: fetur, fasinja, famfo, fensir, fasfo, fakiti. Idan ya ga haka, zai gane cewa tuntuɓen da yake yi ba nasa ba ne shi kaɗai, na harshen ne gaba ɗaya, kuma yana da ƙa'ida. Idan ya iya ɗan Buroka daga zaman Legas ko Sabon Gari, kada ka hana shi. Tsani ne, a taka shi a hau.

Baki kafin biro

A makonnin farko ka ba shi jimloli gaba ɗayansu, ba tare da fasa su ba, kamar yadda yaro ke ɗaukar "ina kwana" bai san nahawunta ba. Ka zaɓo su daga buƙatar da ya ambata. Amma akwai guda huɗu da nake fara ba kowa, domin su ne ke ceton mutum idan magana ta kuɓuce masa: "Please speak slowly", "Say it again, please", "I don't understand", da "Write it for me". Wanda ya riƙe waɗannan ba zai tsaya shiru a gaban kanta ba.

Daga nan sai lambobi, kuma a nan ka zauna ka daɗe. Ɗan kasuwa ya fi ka saurin lissafi, sunayen kawai ya rasa. Ka zo da kuɗi na gaske, 'yan 50 da 100 da 200 da 500 da 1,000, ku yi ciniki, yau shi ne mai kaya, gobe kai ne. Ramin da kowa ke faɗawa shi ne tsakanin "thirteen" da "thirty", "fifteen" da "fifty", har zuwa "nineteen" da "ninety". Ka bayyana masa cewa "teen" ɗin nan ita ce "sha" tamu, sai dai mu muna sa ta a gaba, sha biyar, su kuma suna sa ta a baya. Ana jan ta, kuma tana ƙarewa da n. Ita kuwa "ty" gajeriya ce, ita ce ta su talatin da hamsin. Ko bayan wannan bayani kunne zai ci gaba da ruɗuwa, musamman a waya, don haka ka koya masa tambayar da ke raba gardama: "One-five or five-zero?" Bambancin dubu 15 da dubu 50 ba abin wasa ba ne ga mai sari.

Idan saƙon banki ne damuwarsa, ku buɗe na gaske a wayarsa, da izininsa. Kalmomi uku ne ginshiƙi: "credit" kuɗi sun shigo, "debit" kuɗi sun fita, "balance" abin da ya rage. Ka nuna masa yadda bankinsa ke gajarta su, ka kuma nuna masa ƙirga sifili da waƙafi don ya bambance 15,000 da 150,000. A wannan zaman ka haɗa masa da gargaɗi: duk saƙo ko kiran da ya nemi PIN ko lambar sirrin da aka turo masa, na 'yan damfara ne, kome kyan Turancinsa. Na ga dattawa da yawa da ke ɗaukar duk abin da ya zo da Turanci a matsayin maganar hukuma.

Haruffa, da wuraren da Bahaushe ke tuntuɓe

Wanda ya iya Hausar boko yana zuwa da wasu ɗabi'u da sai an warware su ɗaya bayan ɗaya. Harafin c a wurinmu shi ne na "ciki" da "cokali". A Turanci yakan zama k kamar a "cup", ko s kamar a "city", sautinmu kuwa sai an rubuta ch. Haruffan p da q da v da x sababbi ne a gare shi. Wasulan Hausa biyar kowane yana riƙe da sautinsa, sai dai a ja ko a gajarta, amma a ɗin Turanci daban take a "cat", daban a "cake", daban a "call". Ka faɗa masa gaskiya tun farko: Turanci yana da haruffa 26 amma sautukansa sun kai wajen 44, shi ya sa rubutunsa ba ya bin furuci. Sanin haka yana sauke masa nauyin zargin kansa.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne sunayen wasulan. Abin da Bature ke kira e, a kunnen Bahaushe i ne. Abin da yake kira i, mu "ai" muke ji. A kuma tana fitowa kamar "ei". Idan ma'aikaciyar banki ta ce ya faɗi haruffan sunansa, a nan ake rikicewa. Ku maimaita haruffan sunansa da na mahaifinsa da na unguwarsu har su zama kamar lambar wayarsa.

Batun p da f yana buƙatar madubi. F ɗin Hausa da leɓɓa biyu ake yin ta. Ta Turanci sai haƙoran sama sun taɓa leɓen ƙasa, iska tana fita a hankali. P kuwa a rufe leɓɓa gam, a sake su da ƙarfi. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinsa: idan p ta fita daidai, takardar za ta yi tsalle. Ku gwada da "pull" da "full", "pan" da "fan". V ma wurin f take, sai dai maƙogwaro na rawa. Ya sa yatsa a wuyansa zai ji. Minti 3 a kowane zama ya isa, kada a mai da shi azaba. Sautin th kuwa ni ba na ɓata lokaci a kansa da dattijo. Idan ya ce "sank you" kowa zai gane, kuma burinmu a fahimce shi a banki da asibiti, ba ya karanta labarai a BBC ba.

Wajen rubutu ka fara da manyan baƙaƙe, domin su fom ke nema, kuma ba su da ruɗanin b da d. Ka kwafo fom na gaske ka yi masa hoto da yawa: suna, sunan mahaifi, adireshi, ranar haihuwa kamar yadda take a katinsa na NIN, sa hannu. Hannun da bai saba da biro ba yakan gaji da wuri. Layi uku masu kyau sun wadatar a rana.

Ɗauko tsarin makarantar allo

Yawancin manyanmu sun yi allo, kuma sun san wata hanyar karatu da ta dace da su fiye da ta aji. A can ba a yi wa ɗalibi ƙari sai ya biya na jiya, ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma tilawa ba ta yankewa. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna a 1885 cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne jim kaɗan bayan an koyi abu, kuma maimaitawa a kan kari tana rage ta. Alarammomi sun daɗe suna aiki da wannan. Ka yi amfani da kalmominsu ma: "Baba, a biya na jiya," "yau za a yi ƙari." Nan take zai san inda yake.

Zama na minti 30 zuwa 40, sau uku a mako, ya fi zaman awa biyu ranar Lahadi. Minti 10 na farko tilawa ce, ta jiya da ta makon jiya. Sannan ƙari, kada ya wuce kalmomi biyar ko jimloli biyu. Sauran lokacin a yi amfani da su a ciniki ko hirar likita da majiyyaci. Kafin ku tashi ka ɗauki karatun ranar da muryarka ka tura masa a WhatsApp, a hankali, kowace jimla sau biyu da fassararta, don ya saurara a shago ko bayan sallar Asuba. Lokacin zaman shi zai zaɓa. Da azumi ko lokacin girbi a rage, a bar tilawa kawai.

Littafin karatun ma ku rubuta shi tare. Ya ba ka labari da Hausa, yadda ya fara kasuwanci ko tafiyarsa aikin Hajji, kai kuma ka mayar da shi gajerun jimloli huɗu na Turanci. Mutum ba ya manta labarin kansa, don haka hankalinsa zai tafi kan kalmomin kawai. Bayan wata biyu zai tara shafuka goma da babu yaron da ya taɓa karanta irinsu.

Gyara ba tare da an zubar da girma ba

Mutumin da ake durƙusa wa a gida ya zauna gaban sa'an ɗansa yana tuntuɓe da harshe. Wannan kaɗai jarumta ce, kuma kuskure ɗaya daga gare ka zai iya rufe ƙofar. Kada ka katse shi yana tsakiyar jimla. Idan ya ce "I go market yesterday", ka amsa masa kamar hira, ka maido da jimlar a gyare: "Oh, you went to the market yesterday?" Zai ji bambancin. A zama ɗaya kuskure ɗaya za ka ɗauka ka yi bayani, wanda ke canza ma'ana. Sauran ka rubuta a takardarka don wata rana. Kada ka ce "ai mun yi wannan jiya". Kada ka ce "mai sauƙi ne", domin idan ya kasa mai sauƙi me zai ɗauki kansa? Idan tambaya ta yi masa nauyi ka ba shi lokaci, ka ƙirga goma a zuciyarka kafin ka taimaka. Babba yana jinkirin fito da kalma ko da ya san ta.

Ka yi magana da mutanen gidan tun kafin a fara. Dariyar jika guda ɗaya tana iya rushe aikin wata. A samu wuri mai sirri, zaure ko ɗaki, ba tsakar gida ba. Idan Hajiya ce, sau da yawa ta fi sakin jiki da mace, ko kuma tare da ƙawarta su biyu.

Nahawu kuwa kaɗan-kaɗan, kuma ta hanyar Hausa. Jerin jimla iri ɗaya ne a harsunan biyu: mai aiki, aiki, abin da aka yi wa. "He" da "she" su ne shi da ita, "you" ta haɗe kai da ke da ku. Sabon abu shi ne "it", tunda a wurinmu mota mace ce, gida namiji. Sai kuma lokaci: mu muna canza na, ina, zan, aikatau ya zauna yadda yake, su aikatau ɗin suke canzawa, "go" ya koma "went". Aikatau goma da ya fi amfani da su sun ishe shi shekarar farko.

Idan ya tsaya cik, ko ya daina zuwa

Wajen wata na biyu ko na uku yawanci akan kai wani wuri da ɗalibi zai ji kamar ba ya gaba. Don wannan ranar ne nake ɗaukar muryar ɗalibi a makon farko in ajiye. Ka kunna masa ita, sannan ka sa ya faɗi abu ɗaya yanzu. Kunnensa zai ba shi shaidar da bakinka ba zai iya ba. Ka dakatar da ƙari na mako guda, ku koma shafukan da ya fi iyawa. Idan abu ɗaya ya ƙi shiga bayan an gwada hanya uku, a ajiye shi, a dawo masa bayan wata.

Idan ya yi fashin mako biyu, kada ka aika a tambaye shi dalili. Ka je gaisuwa, ku yi hirar duniya, da za ka tashi ka ce, "Baba, allonku na nan yana jira." Amma ka lura: idan mantuwar ta wuce karatu, yana manta hanyar gida ko sunayen iyalinsa, wannan maganar asibiti ce, ka sanar da 'ya'yansa cikin hikima. Wanda kuma ya yi ƙarfi yana son aji da takardar shaida, jihohi suna da hukumomin ilimin manya; ta Kano an kafa ta a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ta tarayya kuma a 1990. Ka raka shi ofishin da ke kusa ku tambayi ajin da ke unguwarsu.

Ranar fita

Da zarar ya riƙe abin da ya zo nema, ku sa rana ku je wurin da kansa. Ku gwada a gida sau uku tukuna, kai ne ma'aikacin banki, shi ne mai asusu, har da tambayar da ba ya tsammani. Ku zaɓi lokacin da babu cunkoso, da hantsi a tsakiyar mako. Ya tafi da tabaransa da bironsa da 'yar takarda mai ɗauke da jimlolin nan huɗu a aljihun gaba. A bakin ƙofa ka bar shi ya karanta abin da aka rubuta, "push" ne ko "pull", ya buɗe da hannunsa. Kai kuma ka tsaya taku uku a bayansa, ka kama bakinka, sai in ya waiwayo ya neme ka.